Girman Babur Ba Shi Ne Ƙwarewa Ba

Tun da kamfanin BMW ya fitar da samfurin R 80 G/S a 1980, manyan baburan yawon duniya suka shiga ran masu sha'awar tafiya mai nisa. Ana tallata su da cewa suna cin kwalta, suna ratsa daji, kuma ba ƙarya aka yi ba. Sai dai a hannun gwani suke yin hakan. Ni a ganina, duk wanda bai taɓa sauka daga kwalta ba, bai dace ya fara koyon burji da yashi a kan irin wannan babur ba, komai kuɗinsa da ƙarfin zuciyarsa.

Babbar matsalar ita ce nauyi. Samfurin BMW R 1250 GS Adventure, idan an cika tankinsa mai cin lita 30, yana kai kilo 268 tun kafin a ɗaura masa akwatuna. Wato ya fi ninki biyu na Boxer ɗin da 'yan acaba ke shiga ƙauyuka da shi. A kan kwalta gudu yana ɓoye wannan nauyi, amma yashi yana tona shi. Da zarar tayar gaba ta fara nutsewa, sai ɗan koyo ya firgita ya saki totur ko ya damƙe birkin gaba, nauyin duka ya koma kan tayar, ta ƙara nutsewa, babur ya kife. Abin da ake so shi ne mutum ya miƙe tsaye a kan matakan ƙafa, ya ja jikinsa baya, ya riƙe totur daidai, idonsa na kallon nesa. Jiki ba ya sabawa da wannan sai an sha faɗuwa. Wanda ƙaramin babur ya kayar yakan kaɗe ƙura ya tashi, wanda babba ya danne wa ƙafa kuwa yana iya ƙarewa a wurin mai ɗori.

Gwanayen ma sun koma ga marar nauyi. Gasar Dakar, wadda a shekarunta na farko take ratsa Agadas da hamadar Tenere, ta taƙaita injin babura zuwa 450cc tun 2011. A doguwar tafiyar babur da wasu matafiya biyu, Ewan McGregor da Charley Boorman, suka yi a 2004, manyan BMW ɗinsu sun sha kaye a cikin taɓon Mongoliya, alhali ƙaramin babur ɗan Rasha da aka saya wa mai ɗaukar hotonsu ya fi su sauƙin wucewa.

Wani zai ce baburan yanzu suna da na'urorin da ke hana taya sulɓi da hana birki kullewa. Suna taimakawa ƙwarai, amma ba sa rage ko kilo ɗaya, ba sa kuma ɗaga babur idan ya kwanta a tsakar rana nesa da gari. Wani kuma zai kawo misalin Gaston Rahier, gajeren ɗan Beljiyam da ya lashe Dakar a 1984 da 1985 a kan ƙaton BMW. Misalin ya ƙarfafa maganata ne, domin kafin nan sau uku yana zama zakaran duniya a tseren baburan daji masu 125cc. Da rarrafe yaro ke tashi. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi, cewa sayen babur biyu asara ne. Amma ƙaramin babur na hannu ana iya sayar da shi bayan an ƙware, kuma kuɗinsa bai kai na gyaran babba da jinyar karaya ba.

Saboda haka, mai sha'awar shiga daji da babur, ka fara da wanda za ka iya ɗagawa kai kaɗai. Ka sa hular kwano da dogon takalmi mai kare idon sawu, ka nemi gwani ya koya maka, kada kuma ka fita ba abokin tafiya. Idan hannunka ya faɗa, sai ka hau babban.