TAKOBIN ƘASA: WA ZAI GAJI ISAKA A JAHAR DOSO?

A ƙarshen watan Disamba na shekarar 2024, a filin kokowa na Salma Ɗan Rani da ke birnin Doso, Abba Ibrahim na Yamai ya yi galaba a kan Kadiri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, a karawar ƙarshe ta gasar takobin ƙasa karo na 45. A gida aka yi abin, a gaban dangi da makaɗa. Tun daga ranar, a kasuwannin Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, har ƙauyuka irin su Lugu inda rediyo ne ke kai labari, masu sha'awar kokowa ba su daina tuhuma ba. Wasu sun ɗora laifin a kan masu horo, wasu a kan yadda aka zaɓi tawaga, wasu kuma sun tsallake duk wannan suna tambayar wanda zai gaji gwarzon.

Ya kamata mai karatu ya tuna da abin da aka rasa. Tun da aka buɗe wannan gasa a Tawa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, ba a ga ɗan kokowar da ya tara takubba kamar Isaka ba. Sau 6 ya ɗauka. Ya ɗauka a Yamai a 2021, ya sake ɗauka a Difa, ya ƙara a Agadas a 2023, ba wanda ya shiga tsakani. Jahar da ta saba da irin wannan daɗi ba ta iya karɓar kaye da sanyin rai.

Masu tuhumar masu horo suna da hujjarsu. Suna cewa an bar gwarzo ya gaji, an bar abokan hamayya sun haddace kamunsa, ba a sabunta masa dabara ba. Amma a nan akwai abin da jama'a ke mantawa: kokowa ba ƙwallon ƙafa ba ce. Mai horar da ƴan ƙwallo yana iya fitar da wanda ya gaji, ya shigar da wani, ya sake tsari a tsakiyar wasa. Mai horar da ƴan kokowa kuwa, da zarar alƙali ya busa usur, ba shi da sauran iko sai kallo da addu'a. Kuma ƙa'idar gasar ba ta da jinƙai: jahohi 8 ne, kowace ta kawo ƴan kokowa 10, a cikin mutum 80 ɗin nan duk wanda ya sha ƙasa sau ɗaya ya fita daga neman takobi. Santsin ƙafa guda ya isa ya rushe aikin shekara. Mutumin da ya ratsa wannan ƙaya har ya kai karawar ƙarshe, da wuya a ce ba a shirya shi ba.

Ga masu neman a kori mai horo nan take, akwai darasi a tarihin Mena. Haruna Dula ne ya kai ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa gasar cin kofin Afirka a karo na farko, bayan ta tsallake rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu, har hukumar ƙwallon Afirka ta ba shi lambar gwanin masu horo na 2011. Duk da haka aka kawo masa Bafaranshe, Rolland Courbis, a matsayin mai ba da shawara. Da Gabon ta ci Mena 2 da nema a wasan farko na 2012, sai aka ture Dula gefe. Me ya biyo baya? Tunisiya ta ci, Maroko ta ci, aka komo gida hannu rabbana. Gernot Rohr ya sake kai Mena a 2013, ya samo maki 1 tak a wasanni 3. Daga nan har gasar 2025 an yi ta sauya masu horo, baƙi da ƴan gida, Nijar ba ta koma ba. Sauya mahayi bai ƙara wa dokin gudu ba.

Maganar zaɓen tawaga ce ta fi nauyi, kuma a nan mutanen Arewa sun fi kusa da gaskiya. Mutum 10 na jaha ba daga sama suke faɗowa ba. Daga fagen ƙauye suke tasowa, bayan an yanke hatsi an cika rumbuna, lokacin da samari ke zagaya garuruwa da kalangu da kirari, kowa na neman wanda zai gwada ƙwanji da shi. Daga nan sai a tace a gundumomi, sannan a tace a Doso. In tushen ya yi rauni, babu mai horon da zai iya gyara reshe a zaman horo na ƴan kwanaki kafin gasa. To, tushen ya yi rauni. A watan da ake buɗe gasar, ƙarfafan samarin Arewa da yawa sun riga sun tafi cin rani, wasu Nijeriya, wasu biranen bakin teku, wasu kuma wuraren haƙar zinariya na arewacin ƙasa tun da aka gano ta Jado a 2014. Saurayin da ke da iyali a wuyansa ba zai zauna jiran tacewa ba alhali rumbu bai cika ba. A zamanin Samariya akwai masu alhakin tara matasa a kowane ƙauye, su shirya wasa da aikin gayya. Da wannan tsari ya kau, fagen ƙauye ya koma hannun masu son abin da aljihunsu kawai.

Sai kuma batun ƴan kokowar da ke barin jaharsu su yi wa wata wasa, inda aka fi kula da su. Ba za a zarge su ba, ƙarfin jiki jari ne mai ƙarewa. Amma jahar da ta shekara da shekaru tana dogaro da mutum ɗaya, duk kyauta da kirari suna tafiya gare shi, kada ta yi mamaki in na biyu da na uku suka duba wata ƙofa. Inuwar babban itace daɗi gare ta, sai dai ƙananan itatuwa ba su girma a ƙarƙashinta.

Dangane da magaji, kowace gunduma na da sunan da take ɗagawa, kuma sau da yawa son gida ne ke magana ba idon basira ba. Ba a naɗa sarkin kokowa da ƙuri'ar kasuwa. Tsakanin zamanin Salma Ɗan Rani, wanda filin Doso ke ɗauke da sunansa, da zamanin Isaka, an yi shekaru masu yawa, kuma ba wanda ya san Isaka kafin ya fara kayar da manya. Abin da ke hannun hukumomin jaha, da ƙungiyar kokowa ta Doso, da hukumar kokowa ta ƙasa FENILUTTES, shi ne su buɗe hanyar da zai bi ya fito: a yi tacewar ƙauyuka da wuri, tun kaka, kafin motocin cin rani su kwashe samari, a yi ta a fili, gaban jama'a, yadda ba za a ce an shigar da ɗan wane ta bayan gida ba, a kuma ɗauki nauyin tafiya da abincin saurayin da ya yi fice a Lugu ko Dankasari har ya isa Dogon Dutsi, daga can ya isa Doso.