Ba Kowane Saɓani Ne Karon Raguna Ba

Duk wanda ya taɓa riƙe rahoton ofis, ko ya zauna ajin kimiyyar siyasa, ya san kalmar nan ta Turanci, conflict. Malamai suna son ta, manyan sakatarori suna son ta, masu neman tallafin ƙungiyoyin waje kuwa ba a magana. Ni dai a ganina ɓarna take yi mana, ɓarnar kuma ta fi muni a hannun irinmu, watau waɗanda gobe za a miƙa wa fayil a ce su rubuta abin da ya faru.

Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta abu biyu su bugi juna. In za a fassara ta tsakani da Allah sai a ce karo, irin na raguna. Bature ya ɗauke ta ya lulluɓe kome da ita, tun daga cacar bakin miji da mata har yaƙin basasar 1967 zuwa 1970. Bahaushe bai yi haka ba. Yana da saɓani, da gardama, da jayayya, da husuma, da rikici, da tarzoma, kowace kuwa tana nuna ƙofar da za a nufa. Saɓani dattawa ke kashe shi a zaure. Jayayyar iyakar gona ta mai unguwa ce da dagaci, in ta gagara a dangana da hakimi ko alƙali. In shanu suka faɗa gona kafin a kwashe gero, sunan abin ɓarna, maganinsa a kewaya gonar, a kimanta, a biya. Sai an zare sanda an fasa kai ake cewa rikici, nan ne ɗan sanda ke da aiki. Dillalan kasuwar Maigatari sun san wannan bambanci sarai: ran Alhamis tun hantsi ake ta da jijiyar wuya kan kuɗin sa, ba wanda ke komawa gida ya ce an yi rikici.

To, mu dubi Gagarawa. A tsakanin 2016 da 2017 maganar da ta cika ƙasar Gumel ita ce ta filin da Gwamnatin Jigawa ta ware wa kamfanin Lee, kimanin hekta 12,000, don noman rake da masana'antar sukari. Filin ya shafi ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar da maƙwabtansu, manoma da yawa kuwa suka ce ba su yarda a karɓi gonakinsu ba. In ma'aikaci ya kira wannan conflict, mai karatu a Dutse ko Abuja zai hango raguna biyu masu ƙaho daidai wa daida. Alhali kuwa Dokar Filaye ta 1978 ta riga ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuma ta amfanin gona ce da gine-gine, ba ta ƙasar kanta ba. Shi manomi hujjarsa ita ce kakansa ya sare dajin, ga kukar iyaka can tsaye. Abin da ya yi kuka ne da ƙorafi. Kuka sauraronsa ake yi, rikici kuwa kwantar da shi ake yi, mun kuma san irin motar da ake aikawa don kwantarwa.

Kada a ce ina ƙin masana'anta. Wanda ya ga yadda samari ke kwarara Kano cin rani ba zai ƙi ta ba. Ina magana ne kan sunan da ake raɗa wa abu kafin a yanke hukunci a kansa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne cutar ta dawo cikin Hausar kanta. Mai fassara labarai, don gaggawa, duk inda ya ci karo da conflict sai ya ce rikici, har rikici ya haɗiye 'yan'uwansa. Yanzu in gona ta cinye burtali, makiyayi ya rasa hanyar mashaya, sai a ji "rikicin manoma da makiyaya", ba a faɗi wanda ya nome burtalin ba, balle wanda ya ba shi izinin nomewa.