Allah Gafarta Malam, Ba Haka Zancen Yake Ba

Ranar da muka haɗu wurin ɗaurin auren nan a Bici, Malam, ka gyara zama kan tabarma ka zayyano laifuffuka biyar, ka ce saboda su ne ba ka goyon bayan a sakar wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ban tanka ba, don ba a yi wa wanda ya koya maka riƙe fensir musu a gaban jama'a. Amma maganar ta tsaya mini a rai.

Ka fara da cewa ciyamomi ɓarayi ne, ba su kuɗi kamar ba kura ajiyar nama ne. Ban ce waliyyai ne ba. Sai dai ko yau kuɗin nan ba a ɗakin liman suke kwana ba. Kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya rabon ƙananan hukumomi 774 ne, 44 daga ciki namu na Kano, kuma sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya sa suna fara sauka a asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. In sun yi ɓatan dabo a hanya, wa manomin Saye ko na Danzabuwa zai tara? Gwamna sai a talabijin, ko a bayan baƙin gilashi ana jiniya. Ciyaman kuwa mun san gidan ubansa, zai zo jana'iza mu tsaya sahu ɗaya. In ya sauya mota alhali famfon unguwa ya yi wata shida a mace, akwai bakin da zai gaya masa. Yanzu amsarsa a aljihu take: "Ba a sako ba." Kuma ba ka da yadda za ka ƙaryata shi. Ka tuna a 2019, da hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta hana cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙananan hukumomi, gwamnoni ne suka garzaya kotu.

Na biyu, ka ce malaman firamare za su koma gidan jiya. Nan na fi jin ka, don muryarka ma sauyawa ta yi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. A 1991 gwamnatin Babangida ta rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa da aka kafa a 1988, ta miƙa makarantun ga ƙananan hukumomi, albashi ya riƙa maƙalewa wata da watanni, sai da aka maido da hukumar a 1993. Kai da kanka ka ba mu labarin yadda mai kanti ya daina ba ka bashin omo da gishiri. Har gobe wannan tabon ne ke sa ƙungiyar malamai ta NUT ɗari-ɗari. Amma Malam, albashin da malamin firamare ke karɓa yau daga ina yake fitowa? Daga rabon ƙaramar hukumar ne ake yankarsa. Ke nan maganin a bayyane yake: a cire na malamai tun daga tushe, ya faɗa asusun kowa a banki kafin ciyaman ya ga ko kwabo. Zamanin da kashiya ke zuwa da jaka ya zauna bayan tebur ana layi ya wuce. Ba sai an riƙe kuɗin rijiya da na kwalbati duka ba don a tsare na alli.

Na uku, ka ce ba sa aikin komai, sakatariya sai ƙarshen wata take cika. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ɗora musu kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, rajistar haihuwa da mutuwa, da hannu a firamare da lafiya da noma. Ka leƙa kasuwar Badume ranar da take ci, ka ga buhunan da ake lodawa a manyan motoci, sannan ka bi sawun buhu ɗaya zuwa gonar da ya fito. Ƙasarmu ba daji ba ce, ƙauye na kallon ƙauye, gona na jingine da gona. Buƙatarmu ƙanana ce amma barkatai: hanyar burji, kwalbati ɗaya da zai hana amalanke kafewa a watan Agusta, magani a asibitin sha-ka-tafi. Irin wannan aiki ba ya ɗaukar ido, shi ya sa mai zaune a birni ba ya tuna shi. Ka ji ce-ce-ku-cen da aka yi kan sa kuɗin ƙananan hukumomi cikin aikin gadojin Tal'udu da Ɗan Agundi, kuma ba gwamnatin jihar da ta yi hakan ce ta fara aikin haɗin gwiwa ba. Gada abu ne mai kyau, amma jakin mutumin Kyalli ba zai taɓa hawanta ba. Ma'aikacin da ba a ba shi man gireda ba, me zai zauna yi a ofis?

Na huɗu, ka ce Kotun Ƙoli ta yi wa doka karan tsaye a hukuncinta na 11 ga Yuli, 2024, tunda asusun haɗin gwiwa a rubuce yake. Lauyoyi ma sun yi wannan gardamar. Abin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnoni 36, shi ne an yi asusun don kuɗi su isa ga masu su, tunda ba sa isa a biya su kai tsaye, kuma kantomomin riƙo ba su da gurbi a sashe na 7 na tsarin mulki. Ɗan aike ne ya riƙe saƙo, aka ce a daina aikensa.

Na biyar kam, Malam, ka kama ni. Ka ce zaɓen ma naɗi ne. A Janairun 2021 APC ta kwashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484. Ranar 26 ga Oktoba, 2024, NNPP ta kwashe 44 da 484. Lissafi ɗaya, hula ce kawai ta sauya. Ciyaman da gwamna ya ɗora, ko an zuba masa kuɗi a asusunsa, zai iya ɗauka ya kai gaisuwa da ƙafarsa. Amma wannan laifin waye? Hukumar zaɓen jiha gwamna ke naɗa ta. Ka lissafa wa ƙaramar hukuma laifin wanda ya ɗaure ta. Gyaran a tsarin mulki yake, a raba zaɓen da hannun gwamna, kuma wannan aikin 'yan majalisar da muke zaɓa ne.

Kafin nan, abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga Abuja ana wallafa shi wata-wata. Zan bugo na Bici in zo da shi ranar Juma'a in na zo gaishe ka. Ka sa tabarau ka duba, tunda kai ka koya mana rabawa, ka raba mana shi gida goma sha ɗaya, adadin mazaɓun Bici, mu ga abin da ya kamata ya iso mazaɓarmu.