Madubin hangen nesa da katinsa: girma ba shi ne inganci ba

A wannan mako za mu bar siyasa ta huta, mu yi zancen wani ɗan abu da bai wuce farcen yatsa ba, amma wanda ya sa ƙanena, malamin lekol, ya kwana da baƙin ciki.

Ya sayi madubin hangen nesa, wato jumel, irin na zamani mai ɗaukar hoto da bidiyo. Niyyarsa ya je gandun dajin Gadabeji, cikin ƙasar Dakwaro, ya ɗauko ma ɗalibansa hotunan raƙuman dawan da aka kai can daga Kure a shekara ta 2018. Kafin tafiya sai ya ratsa kasuwa, ya sayi katin ajiya, wanda yara ke ce ma kart memwar, an rubuta jiga 128 a bayansa, kuɗinsa kuwa kamar kyauta. Ya sha rana, ya sha rairayi, ya ga raƙuman da idonsa. Da ya komo gida, rabin abin da ya ɗauka ya ƙi buɗewa. Katin na jabu ne: cikinsa ƙarami, bakinsa babba. Irin wanga kati yana shaida ma na'ura cewa akwai sauran wuri, ita kuwa ta yi ta zuba masa, alhali kamar zuba ruwa ne cikin kwando.

To, mine ne ya kamata mai saye ya duba?

Da farko a karanta ƴar takardar da ta zo da madubin, domin ita ke faɗin iyakar abin da yake ɗauka. Katuttukan nan dangi ne, amma ba tsara ɗaya ba. Na farko, SD, wanda kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba suka haɗu suka fito da shi, ya tsaya ga jiga 2. A 2006 aka samu SDHC, mai kaiwa jiga 32. A 2009 SDXC ya biyo baya, daga sama da jiga 32 har tera 2, amma da wani tsarin rubutu dabam da ake kira exFAT. Nan ne gizo yake saƙa. Da yawa daga cikin madubai masu sauƙin kuɗi tsohon tsarin FAT32 kaɗai suka sani, saboda haka ko katin jiga 64 na gaske ka sa masu, sai su yi kamar ba su gan shi ba. Idan takarda ta ce 32, to 32 ɗin ne. Kada a yi mata gardama. Idan kuma ta ce katin TF, kada a ruɗe: tsohon sunan microSD ne, ɗan ƙaramin nan da muke sa ma salula.

Sannan sauri. Ƴan kasuwa suna son nuna babban lamba, kamar mega 100, amma galibi wannan saurin karantawa ne. Abin da ya shafi mai ɗaukar bidiyo shi ne saurin rubutawa, kuma alamarsa ƙarama ce: 10 cikin harafin C, ko 1 cikin harafin U, ma'ana katin ba ya kasa mega 10 a daƙiƙa. Wannan ya ishi bidiyo irin na 1080. Wanda madubinsa ke ɗaukar 4K, shi ne zai nemi U3 ko V30, masu mega 30. Kati mai nawa shi ke sa bidiyo ya tsaye daidai lokacin da shamuwa ta buɗe fiffike. Alamun A1 da A2 kuwa na salula ne, ba ruwan madubi da su, kada a ƙara ko dala saboda su.

Ni a ganina, kati biyu masu jiga 32 sun fi guda mai 64, ko da madubin yana karɓarsa. In ɗaya ya lalace a daji, ba a yi biyu babu ba.

Saura gwaji, wanda shi ne ƙanena ya tsallake. A sa katin cikin madubin, a share shi daga can, abin da ake kira formate, don na'urar ta tsara shi yadda take so. Mai kwamfuta yana iya auna shi da H2testw, wata ƴar manhaja ta kyauta daga Jamus, wadda ke cika kati maƙil sannan ta karanto shi, ta tona asirin na jabu. Wanda ba shi da ita, sai ya cika katin da bidiyo, ya buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. A yi wannan tun mai kanti bai manta da fuskarka ba. Kuma kada a zare kati madubi yana kunne, a kuma adana na biyun cikin ɗan gidansa, don ƙurar hunturu ba ta raga ma haƙoransa na zinariya ba.

Ƙanena dai ya ce zai koma Gadabeji in an yi hutun lekol. Na riga na karɓe katuttukansa biyu, suna nan kan teburina ana aunawa.