Raddi ga Mai Cewa Sauti Ba Ya Gyara Zubin Alminiyum

A majalisarmu ta Dawakin Kudu, wani ɗan'uwa malami ya musanta cewa ana gyara narkakken alminiyum da sautin da kunne ba ya ji, ya kuma kafa hujja uku. Ga amsarsu, domin maganar ta shafi tukunyar girkinmu da injin ban ruwan manoman Kura da Bunkure.

Da farko ya ce sauti iska ne, ina shi ina ƙarfe? Malam, wannan sauti ba ta iska yake zuwa ba. Alminiyum na narkewa a zafin digiri 660, sai a tsoma masa wata sanda mai karkarwa wajen sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Karkarwar na tayar da 'yan kumfa masu fashewa nan take, su kakkarya ƙwayoyin da suka fara daskarewa. Kowane ɓarɓashi sai ya zama irin sabuwar ƙwaya, zubin ya fito lukwi kamar garin da ya sha tankaɗe. Tsaga kuwa tana shan wuyar ratsa ƙananan ƙwayoyi. Masanin Rasha, Georgy Eskin, ya shafe shekaru yana tabbatar da haka tun zamanin Tarayyar Sobiyet.

Na biyu, ya ce kayanmu na fashewa ne don da gwangwan ake zuba su. Haka ne, gwangwan na zuwa da baƙin ƙarfe, wanda ke daskarewa kamar allurai a cikin alminiyum, ya sa shi gautsi. Sai dai hujjar kansa take komawa: sautin na guntule alluran nan, yana kuma korar iskar haidurojin da laima ke sa wa zubi, wadda ita ke barin 'yan ramukan da tukunya ke yoyo ta cikinsu.

Na uku, ya ce na'urar ta fi ƙarfinmu. Nan yana da rabin gaskiya, don mai zubi ɗaya da gawayi da yashi ba zai iya sayenta ba. Amma ruwan Tiga ma ba manomi ɗaya ya jawo shi Kadawa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina kira ga Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil su gwada wannan fasaha a kan gwangwan ɗinmu, su kuma kira masu zubi su gani da idonsu.