Wace Giya Ce Ta Dace da Talotalo?

Duk shekara, da zarar watan Nuwamba ya kama, sai jaridu da mujallun Amurka su cika da tambaya guda: wace giyar inabi ce ta dace da gasasshen talotalo? Bayan wata ɗaya na Ingila su karɓa, domin a can ranar Kirsimeti ake cin tsuntsun. Da a ce abin ya tsaya inda aka haife shi, da ba mu ɓata tawadarmu ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. To amma ga wasu 'yan bokonmu, sun leƙa ƙasar waje wata tara, sun dawo suna ɗaukar sanin amsar wannan tambaya a kan shi ne ma'aunin wayewar kai, wanda bai sani ba kuwa baƙauye ne. Da su muke magana. Abin da suke kira ilimi, mu mun ce talla ce aka sa wa babbar riga.

Ƙa'idar da suka haddace ita ce, farin nama da farar giya, jan nama da jar giya. Talotalo kuwa ya rushe ta tun kafin a zauna cin abinci, don ƙirjinsa fari ne busasshe, cinyarsa kuma ta yi duhu, tana da maiƙo. A gefensa ga miyar wasu jajayen 'ya'yan itace mai tsami da zaƙi, ga dankali mai zaƙi, ga gutsattsarin burodi da albasa da kayan ƙamshi da aka cusa masa a ciki. Sai ka ji wannan gwani ya ce Pinot Noir, wancan ya ce Riesling, wani ya ce Zinfandel tunda a Kalifoniya ake nomanta, wai kishin ƙasa, wani kuma ya ce shamfen ta gama magana. Ja da fari, mai kumfa da mai zaƙi, duk an ce sun dace. Jama'a, tambayar da kowace amsa ta zama daidai gare ta, wane malami ne zai sa ta a jarrabawa?

Su kansu gwanayen an sha tona musu asiri. A shekarar 1976 wani Bature ɗan Ingila mai sayar da giya, Steven Spurrier, ya tara manyan masu ɗanɗano na Faransa a birnin Faris, ya ɓoye sunayen kwalabe. Da aka ƙirga maki, sai ga shi giyar Kalifoniya, wadda suka saba rainawa, ita suka sa a gaba, a ja da fari duka. A 2001 kuma wani mai bincike a Jami'ar Bordeaux, Frédéric Brochet, ya zuba launi a cikin farar giya ya miƙa wa ɗalibai 54 masu karatun giya, suka duƙufa suna siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. Tirƙashi! Ashe ido ke sha, harshe ɗan rakiya ne.

In muka dubi kalanda sai mu ga hannun da ke juya akalar. Bikin da Amurkawa ke kira Ranar Godiya, Shugaba Lincoln ne ya ayyana shi ga ƙasa baki ɗaya a 1863. A 1939 Shugaba Roosevelt ya jawo ranar baya da mako guda, don kawai masu kantuna su sami ƙarin kwanakin ciniki kafin Kirsimeti, sa'an nan a 1941 majalisa ta tsai da ita a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba. A Faransa kuwa akwai wata ɗanyar giya, Beaujolais nouveau, wadda ba ta wuce 'yan makonni da tatsa ake ɗura ta a kwalba. A 1985 aka tsai da ranar fito da ita: Alhamis ta uku ta Nuwamba. Mako guda cif kafin talotalon Amurka ya hau tebur. Ko da wace niyya aka zaɓi ranar, dillalai ba su yi barci ba, nan da nan aka shiga shela cewa babu abin da ya dace da tsuntsun kamarta. Manomi ya sayar da amfanin bana kafin ya kwana a rumbu, ɗan kasuwa ya cika aljihu, mai saye kuma ya tafi gida yana ganin ya ƙaru da sani.

Akwai kuma abin da masu rubuta waɗannan shawarwari ba su taɓa ɗorawa a kan tebur ba, wato tarihin abin da ke cikin kwalbar. Mu 'yan Afirka ya kamata mu fi kowa saninsa. Tun daga shekarun 1860 wani ƙwaro ya afka wa gonakin inabin Faransa, ya cinye saiwoyinsu. Mafitar da 'yan mulkin mallaka suka samo ita ce Aljeriya. Aka ƙwace ƙasar noma mai kyau daga hannun mutanenta, aka dasa inabi, har a shekarun 1930 gonakin suka kai kimanin hekta 400,000. Ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ba su shan abin da suke nomawa, ta wayi gari ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da giya waje. Masu ƙasa suka koma leburori a gonakin kakanninsu, inda da ake shuka alkama da sha'ir. Giyar kuma a loda ta a jiragen ruwa, a kai Faransa, a gauraya da tasu marar ƙarfi, a sayar. Bayan samun 'yancin kai a 1962 Faransa ta yi ta janye hannunta daga saye, aka bar Aljeriya da tankuna cike, har ta kai ga gwamnatin Boumediene ta sa aka tumɓuke gonaki masu yawa a farkon shekarun 1970.

A Afirka ta Kudu an daɗe ana biyan leburorin gonakin inabi wani kashi na ladansu da giya. Doka ta hana a 1960, amma al'adar ta ci gaba har cikin shekarun 1990, kuma yankin ya shiga sahun gaba a duniya wajen haihuwar jarirai masu naƙasa saboda shan iyaye mata. A Kalifoniya ma sai da leburori 'yan asalin Filifin da Meziko suka shiga yajin aiki a Delano daga 1965 zuwa 1970 kafin masu gonakin inabi su yarda su sa hannu a yarjejeniya da su.

Mun san za a ce mana ai sha'awa ce, a bar mutum da harshensa. Mun yarda. Mu ma mun san tuwon dawa ya fi son kuka, masa ta fi son taushe, amma ba mu taɓa jin an ba wani takardar shaida a kan haka ba, ko an raina wanda ya ci tuwon shinkafa da kuɓewa. Wanda addininsa ya hana shi sha yana da hujjarsa, wanda yake sha kuma ba mu zo ƙwace masa kofi ba. Rigimarmu da mai son ya mai da kwaikwayo tsani, ya hau ya leƙo mu daga sama.

Shi kuma talotalon da yake wa wannan ɗawainiya, bari mu tuna masa daga ina ya fito. A 2003 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da daskararrun kaji da talotalo, sai fataucinsu ya koma ta bayan fage, daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a tsallako da su iyaka cikin bayan mota, ƙanƙara na narkewa, rana na dukansu. Muna jiran gwanin da zai gaya mana ko ja ce ta dace da wannan, ko fara.