Bututun Da Ke Rataye Da Arzikin Man Ghana

A zongo, idan hirar man fetur ta taso, maganar kuɗi kawai ake yi: nawa suka shigo, wa ya ci. Ba mai tambayar lafiyar ƙarfen da ke fito da man. Ni kuwa can hankalina yake.

Jirgin Kwame Nkrumah, wanda ke aiki a rijiyoyin Jubilee tun Disambar 2010, tsohuwar tankar dakon mai ce da aka gyara a Singafo. Yana wajen kilomita 60 daga gaɓa, ruwan da ke ƙarƙashinsa ya kai zurfin mita 1,000. Daga can ƙasan teku wasu bututu masu lanƙwasuwa ke hawo da mai da gas zuwa cikinsa, kuma su ne abin tsoron. Igiyar ruwa na ɗaga jirgin tana sauke shi dare da rana, bututun na bin sa. Duk wanda ya taɓa karya waya da hannu ya san yadda ake yi: lanƙwasa nan, lanƙwasa can, sai ta tsinke. Ga gishiri, ga matsin ruwa, kuma ba mai nitson da zai kai can, sai dai a tura na'ura.

Mun ɗanɗana a 2016, lokacin da ƙarfen da jirgin ke juyawa a kansa ya lalace. Aka tsayar da aiki na makonni, daga baya aka ɗaure jirgin da sarƙoƙi ya daina juyawa. Allah Ya so mu, igiyar tekunmu galibi daga kudu maso yamma take zuwa. A tekun Norway da wuya wannan dabara ta ci. Kar a manta fa, gas ɗin Jubilee na bi ta Atuabo zuwa injinan lantarki na Aboadze. Jirgi ya tsaya, tela a Nima da mai injin niƙa a Aboabo za su iya ji a jikinsu.

To yanzu jiragen sun zama uku, na farkon kuma tsufa yake yi. Ra'ayina, Hukumar Kula da Man Fetur ta riƙa fitar da sakamakon binciken waɗannan bututu duk shekara, da harshen da kowa zai gane: yaushe aka duba, me aka gani, saura shekara nawa. Kamfani mai neman riba kada a bar shi ya yi wa kansa jarrabawa ya ba kansa maki. 'Yan majalisar da ke zuwa masallatanmu neman ƙuri'a, wannan tambayar ya kamata mu aika su da ita Accra.